RAMIN MA'ADINAI DA TSIBIN ƘASA: A YI HATTARA

Wannan jawabi ne da wani jami'in kula da muhalli ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a garin Zuru. Mun buga shi don waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙon malamai su karanta shi tare da ɗalibai a aji.



An ce in yi muku bayani a kan haƙar kwal, da tsibin ƙasar da ake tarawa a bakin rami, da yadda ake gyara fili bayan an gama haƙa. Na san wani zai ce, "To Malam, mu ina ruwanmu da kwal? Ai ba a haƙa shi a ƙasar Zuru." Gaskiya ne. Amma ana haƙar zinariya a ƙasar Fakai da ta Yauri. Ana ɗibar yashi a rafi. Ana fasa dutse. Ana haƙar marmara duk inda za a gina hanyar mota. Samarinmu kuma suna tafiya ci-rani wuraren haƙa a Zamfara da Jihar Neja, wasu har Jamhuriyar Nijar. Abin da ke kashe mutum a wajen haƙar kwal, shi ne ke kashe shi a waɗannan wurare.

Kwal dai gawayi ne da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi da ƙasa ta binne tun zamanin da ba a san iyakarsa ba. A Nijeriya an fara gano shi a Udi, kusa da Inugu, a shekarar 1909. A 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal. A Inugu, rami aka riƙa bi a shiga can cikin tsauni. Amma akwai wata hanya. Idan kwal ɗin yana kusa da sama, sai a kawo katafila ta yaye ƙasar da ta rufe shi, a bar rami a buɗe kamar babban tabki. Haka ake yi a Maiganga, cikin Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gombe, inda kamfanin siminti na Ashaka ya fara haƙa wajen shekarar 2007. Haka kuma ake yi a Anu-Araran, arewa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal yana samar da lantarki.

To ku tambayi kanku. Wannan ƙasar da aka yaye, ina za ta? Ba ta ɓacewa. Tara ta ake yi a gefe. Yau tifa goma, gobe tifa ɗari, har ta zama tudu. Shi ma kwal ɗin tara shi ake yi kafin motoci su kwashe. Wannan tsibi shi ne maganarmu ta farko.

TSIBI BA DUTSE BA NE

Kowa a nan ya taɓa auna dawa da mudu. Idan mudu ya cika kana ta ƙarawa, dawar takan yi tozo. Amma akwai inda tozon ba ya wucewa. Ƙwaya ɗaya ka ƙara, sai ta gangaro, ta jawo 'yan'uwanta. Haka tsibin yashi yake, haka na kwal, haka na ƙasar rami. Kowane tsibi yana da gangaren da zai iya tsayawa a kai. Idan aka matsa masa ya wuce nan, zubewa zai yi.

Dutsen da ke bayan garinku Allah ne ya kafa shi, saiwarsa tana ƙasa. Tsibi kuwa zuba shi aka yi. Ko ciyawa ta fito a kansa, ko akuya tana hawa, cikinsa a sake yake.

Abin da ya fi kashe lebura shi ne ɗiba daga gindi. Mai lodin yashi yakan tsaya a gindin tsibi da shebur, yana ta ƙwaƙula, don nan ya fi kusa da mota. Sai ya yi kogo. Saman ya tsaya kamar rumfa, har a sami inuwar hutawa. Ranar da rumfar za ta faɗo ba ta sallama. Yashin da zai cika ɗan akwati mai tsawon mita ɗaya ta kowane gefe ya fi buhun siminti talatin nauyi. Idan ya danne ƙirjin mutum, ko kansa yana waje ba zai iya numfashi ba. Don haka daga sama ake ɗiba, ana gyara gangaren. Kuma kada wani ya zauna hutu a gindin tsibi, ko rana ta kai yaya.

Akwai wani haɗarin da ido ba ya gani. A manyan wuraren kwal, ta ƙarƙashi ake zuƙe tsibi, inji yana ja. Wani lokaci saman yakan daskare ya yi ɓawo, alhali cikin ya zama fanko. Mutum ya taka, sai ya rufta. Mata sun san irin wannan a rumbu, idan hatsi ya yi danshi ya dunƙule a sama, ƙasa kuwa babu komai. Saboda haka ne aka hana tafiya a kan tsibin kwal.

Direbobin tifa, ga taku. Bakin tsibi shi ne wuri mafi rauni. Idan ka ja da baya har baki da kaya, ƙasar tana iya ɓallewa da kai da motar. A wuraren da ake bin ƙa'ida, akan yi kunyar ƙasa a bakin, tsayinta ya kai tsakiyar tayar motar da ta fi girma. Akan juye kaya nesa da baki, katafila ta tura sauran. Yaron mota ma kada ya tsaya a bayan mota yana cewa "taho, taho". Ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi.

RUWA

Yanzu sai babban abokin gaba, wato ruwa. Bari in ba ku labarin wani ƙauye da ake kira Abafan, a yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Garin masu haƙar kwal ne. Shekara da shekaru ana zubar da tarkacen rami a kan tsaunin da ke bayan garin. Wani tsibin, a kan idon ruwa aka tara shi. Mutanen gari sun san da ruwan. Sun kai kuka, ba a kula ba. Aka yi kwanaki ana ruwan sama. Ranar 21 ga Oktoba 1966, da safe, yara sun shiga aji ke nan, sai tsibin ya narke ya zama taɓo, ya gangaro ya binne makarantar firamare da gidaje. Mutum 144 suka mutu. A cikinsu 116 yara ne. Binciken da aka yi ya ɗora laifi a kan hukumar kwal ta ƙasar. A 1969 aka yi doka ta musamman a kan irin wannan tsibi.

Ku lura, wannan a ƙasar Turawa ne, inda ake da injiniyoyi da kuɗi. Abin da ya rage shi ne a saurari mutanen gari. Ku kun fi kowane baƙo sanin inda ruwa ke bi da damina. Kun san inda ƙasa ke tsattsafo. Idan kuka ga ana tara ƙasa a hanyar ruwa, ko a saman gangaren da ke kallon gidaje ko makaranta ko rijiya, ku yi magana tun ranar farko.

Mu ma a kusa da mu an gani. A watan Nuwamba na 2021, ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a Jihar Maraɗi. Aƙalla mutum 18 suka rasu. A watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, rami ya rufta da ma'aikata masu yawa a Galkogo, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Mai haƙa yakan zuba ƙasar da ya fitar dab da bakin raminsa don ya huta da ɗauka. Nauyin nan yana danna bakin ramin. Ruwa ya zo ya jiƙa, shi ke nan. A ja ƙasar nesa da baki, ko da taku uku ne. Idan an yi ruwa mai yawa, a haƙura da shiga rami har ƙasa ta tsane.

Tsibi yakan ba da alama kafin ya zube. Tsaga takan fito a samansa. Gindinsa yakan kumbura kamar ciki. Ruwa mai laka yakan riƙa fitowa daga ƙarƙashi. Tsakuwa takan riƙa gangarowa ba wanda ya taɓa. Bishiya ko turken da ke kai ya karkace. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya janye yara da dabbobi, ya je ya gaya wa mai unguwa.

Shi tsibin kwal yana da ƙarin masifa, domin yana kama wuta da kansa. Kun san yadda tsibin taki ke yin zafi a ciki har ya yi tururi. Kwal ma idan iska tana ratsa shi yakan yi zafi a hankali, har ya fara ci daga ciki. Shi ya sa ake bi da katafila a daddanne shi, kuma ba a barinsa ya daɗe. Idan ya kama, ɗan ruwan bokiti ba ya kashe shi, sai dai ya ƙara masa. Tono wurin ake yi da inji, a baza ya huce. Hayaƙin yana da wata iskar guba wadda ba ta da wari. Ita ce ke kashe wanda ya kwana da gawayi ko janareto a ɗaki rufe. Maigadi ko lebura, komai sanyin hunturu, kada ya kwanta jikin tsibi don jin ɗumi.

BAYAN AN TASHI

Ma'adinai suna ƙarewa. Kamfani yakan naɗe kayansa ya tafi. Kai da gonarka kuna nan.

Wanda ya taɓa zuwa Jos ya ga misali. Turawa sun fara haƙar kuza a can tun farkon shekarun 1900. Yau ka bi ta Bukuru ko Barikin Ladi, za ka ga tuddan jar ƙasa da tabkuna fiye da dubu. Tabkin haƙa ba kamar kududdufin gari ba ne. Bakinsa a tsaye yake kamar bango. Taku ɗaya daga tudu sai zurfi. Yara da shanu sun sha halaka a ciki. Gwamnati ta cike wasu ramukan, ta dasa itacen turare. Itacen ya ba da makamashi da azara, amma ƙasar ba ta dawo ta noma ba, domin ƙasar kirkin an riga an cuɗe ta da ta ƙarƙashi. Manoman da suka ci nasara a can su ne masu lambu. Suna jan ruwan tabki da rani, suna zuba taki da tokar juji shekara bayan shekara, har suka farfaɗo da wasu filayen. Sun sha wahala ƙwarai kafin nan.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Ƙasar da ke ciyar da mu ba ta da kauri. Ita ce baƙar nan ta sama, a wurare da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. A cikinta taki yake, da irin ciyayi, da tana, da ƙananan halittun da ke sa shuka ta yi kyau. Kakanninmu ne suka gina ta da kashin shanu da karan dawa. 'Yan golmo sun zuba mata gumi shekara da shekaru. Katafila kuwa a wuni ɗaya take kwashe ta.

Gyaran fili tun ranar da aka fara haƙa yake farawa. A fara yaye baƙar ƙasar ita kaɗai, a tara ta gefe guda. Jar ƙasa da marmara da duwatsu a tara su daban. Tsibin baƙar ƙasa kada ya yi tsawo da yawa, misalin mutum ya miƙa hannu sama ya isa. Idan ya yi tudu sosai, ta ciki takan shaƙe ta mutu. A shuka masa wake ko ciyawa don kada ruwa ya wanke. Kada mota ta riƙa bi ta kai.

Idan an gama da wani ɓangaren rami, a cike shi nan take, kada a ce sai an gama duka. Duwatsu a ƙasa, jar ƙasa a tsakiya, baƙar a sama, yadda Allah ya jera su tun farko. A kwantar da gangaren yadda sa zai iya hawa da garma. A fitar wa ruwa hanya. A wajen kwal akwai wani dutse da idan ya haɗu da iska da ruwa yakan sa ruwan ya yi tsami, ya yi ja kamar tsatsa, kifi ba ya rayuwa a ciki. Irin wannan can ƙasa ake binne shi, a rufe da yumɓu.

Sauran aikin kuwa kun fi injiniya iyawa. Ku jera duwatsu a kan gangare don su tare ruwa, yadda mutanen kan tudu suka saba. Ku dasa jema da gamba, saiwarsu tana riƙe ƙasa. Shekarar farko da ta biyu a sa wake ko gyaɗa ko waken suya, kada a fara da masara, domin masara mai ci ce. A kwana da shanu a wurin da rani. A dasa gawo da bagaruwa da ɗorawa, a kare su daga awaki. 'Yan'uwanmu na ƙasar Tawa a Nijar sun mai da fako gona da ƙananan ramuka da suke kira tassa. Sukan haƙa rami kamar ƙwarya, su zuba taki, ruwa ya taru, su shuka gero a ciki. Idan fako ya farfaɗo, filin haƙa ma zai farfaɗo, muddin babu guba a ciki.

Maganar guba kuwa, maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana. A shekarar 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariyar yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce magani ba zai yi amfani ba idan yaro zai koma cikin ƙurar. Sai da aka bi gida gida aka kankare ƙasar sama, aka binne ta a rami na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka gyara shi. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Iyayena mata, ku ne masu tsakar gida. Kada dutsen rami ya shigo muku. Kada a ara turminku. Mai haƙa ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro. Ƙasar da aka wanke zinariya aka zubar, kada a yi yaɓe da ita, kada a kai ta gona.

KAFIN KA SA HANNU

Doka ta ce ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ba ta bar manomi a banza ba. Mai neman lasisi sai ya nemi yardar mai fili. Sai ya biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da ya ɓata. Kafin kamfani ya fara aiki, sai ya yi yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin a kan abin da zai yi musu, kuma duk shekara biyar akan sake duba ta. Sai ya nuna tsarin da zai bi ya gyara filin. Dokar ta kuma hana taɓa wurin da jama'a suka ɗauka mai tsarki.

Doka a takarda take, ba ta da ƙafa. Mutanen Maiganga an tashe su daga tsohon garinsu, kuma sun sha kai kuka a kan ƙura da ruwan sha. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan karatunku zai yi muku rana. Baƙo zai zo da mota mai kyau da takarda, ya ce dangwala nan. A da sai ka dangwala. Yanzu kana iya cewa, "Bari in karanta." Idan da Turanci aka rubuta, ka ce a juya maka da Hausa ko da C'lela, a gaban malaminku da dagaci. Ka nemi ganin lasisinsa, da sunan da ke jiki, da wurin da aka ba shi. Ka tambaya ina za a tara ƙasa, ta ina ruwan rami zai fita, wa zai kewaye ramin don yara da dabbobi. Ka tambaya wa zai cike shi, a wace shekara, da kuɗin wa. Amsar duk a rubuta ta a cikin takardar. Alkawarin baki, ranar da aka canza manaja ya mutu. Kuma kada mutum ɗaya ya sa hannu a ɓoye a madadin gari. A yi a bainar jama'a, har da mata da makiyaya, domin su ke zuwa rafi kullum. Kofi ɗaya wajen dagaci, ɗaya wajen hakimi, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Mai kwangilar hanya da ke son marmara a gonarka, shi ma haka. Ka ce ya ajiye maka baƙar ƙasarka a gefe, ya mayar kafin katafilarsa ta bar garin. Idan ta tafi, da wuya ta dawo.

Ga aikin da nake roƙon kowane aji ya yi kafin ruwan farko ya sauka. Ku ɗauki littafi da fensir, ku zaga garinku tare da malami. Ku rubuta kowane tsohon rami da kowane tsibi. Ku rubuta na wane ne, taku nawa ne tsakaninsa da gidaje ko rijiya ko makaranta, kuma yana tara ruwa ko ba ya tarawa. Ƙananan ku cike su da aikin gayya. Waɗanda suka fi ƙarfinku ku kewaye da ƙaya, ku kai takardar ga dagaci ya miƙa wa hakimi da ƙaramar hukuma. Ku rubuta kwanan wata a sama, ku ajiye kofi a aji.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata don masu tambaya.